Fuska da Aron Murya: Wasan Madhubala a Fim Ɗin Mughal-e-Azam

Ranar 5 ga watan Agusta 1960 aka fara nuna fim ɗin Mughal-e-Azam a gidan silima na Maratha Mandir da ke birnin Bombai, watau Mumbai ta yanzu. Har zuwa wannan rana ba a taɓa kashe wa wani fim a ƙasar Indiya kuɗi kamarsa ba, domin ya ci fiye da rupi miliyan 10, kuma ba a sami wanda ya fi shi kawo kuɗi ba sai da Sholay ya fito a 1975. Abin da ya fi cika bakin jama'a a lokacin shi ne ƙasaitar aikin: fadar Sarki Akbar da aka gina, da filin yaƙi mai dubban dakaru da dawaki da raƙuma, da ɗakin nan na madubai da aka ɗauka da kala alhali mafi yawan fim ɗin baƙi-da-fari ne. Amma da shekaru suka tura, sai ya zamana abin da ya fi zama a zukatan masu kallo shi ne fuskar wata 'yar wasa, Madhubala, wadda ta fito a matsayin kuyanga Anarkali.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba mene ne ainihin abin da 'yar wasan nan ta yi. Tambayar ba ta da sauƙi kamar yadda za a zata. Muryar da ake ji a waƙoƙinta ta Lata Mangeshkar ce. Baitocin na Shakeel Badayuni ne, kiɗan na Naushad, takun rawar kuwa Lachhu Maharaj ne ya tsara. Idan aka mayar wa kowane mai kaya da kayansa, me ya rage a hannun Madhubala? Masu amsawa da cewa kyau ne kawai ya rage sun yi mata rowa, masu amsawa da labarin ciwonta da mutuwarta kuwa sun bar fim ɗin sun koma ga tausayi.

Asalin Labarin

Akbar ya mulki daular Mugal daga 1556 zuwa 1605, ɗansa Salim ya gaje shi da laƙabin Jahangir. Waɗannan mutane ne na tarihi. Anarkali kuwa, wadda sunanta ke nufin furen rumman, ba ta cikin Akbarnama na Abul Fazl, ba ta kuma cikin tarihin da Jahangir ya rubuta na kansa. Wani ɗan kasuwa Bature daga Ingila, William Finch, wanda ya isa Lahor a 1611, shi ne ya rubuta jita-jitar da ya ji cewa Akbar ya sa an gine wata mace da rai a cikin bango saboda zargin hulɗa da Salim. A Lahor akwai hubbaren da ake kira da sunanta har yau, ko da yake masana tarihi ba su haɗu a kan wadda ke kwance a ciki ba.

Wanda ya mayar da jita-jitar ta zama adabi shi ne Imtiaz Ali Taj, da wasan kwaikwayonsa na harshen Urdu mai suna Anarkali, wanda ya rubuta a 1922. Ya nuna ta a matsayin kuyanga mai rawa a fada, ya kuma sa rikicin ya zama tsakanin uba mai riƙe da mulki da ɗa mai riƙe da so. An sha mayar da wasan fim. A 1953 ma an yi wani mai suna Anarkali wanda Bina Rai ta fito a ciki, ya kuma sami karɓuwa sosai, sunan da za a sake gamuwa da shi a gaba.

K. Asif yana ɗan shekara 22 ya fara shirin nasa a 1944, da Chandramohan a matsayin Akbar, Nargis kuma Anarkali. Rabuwar Indiya da Fakistan a 1947 ta wargaza shirin, domin mai zuba kuɗin, Shiraz Ali Hakim, ya ƙaura zuwa Fakistan, sa'an nan Chandramohan ya rasu a 1949. Sai a farkon shekarun 1950 aka sake ɗaura niyya da kuɗin wani attajirin magini, Shapoorji Pallonji, da sababbin 'yan wasa: Prithviraj Kapoor a matsayin Akbar, Durga Khote matarsa Jodha Bai, Dilip Kumar Yarima Salim, Nigar Sultana kuma Bahar, kishiyar Anarkali a neman zuciyar Yarima.

Yarinyar da Aka Ɗauko

An haifi Mumtaz Jehan Begum a Delhi ranar 14 ga Fabrairu 1933. Mahaifinta, Ataullah Khan, Bafatane ne mai 'ya'ya da yawa, wanda ya rasa aikinsa ya kwashi iyali zuwa Bombai. Tana da shekara 9 ta fito a fim ɗin Basant na 1942, daga nan kuwa ita ce ta zama mai ciyar da gidan. Tana da 14 ta fito tare da Raj Kapoor a Neel Kamal, tana da 16 fim ɗin Mahal na Kamal Amrohi ya ɗaukaka ta a 1949. A watan Agusta 1952 mujallar Theatre Arts ta Amurka ta buga dogon bayani a kanta, inda ta gabatar da ita ga masu karatunta a matsayin tauraruwar da ta fi kowace yawan masoya a duniya. Lokacin da ta shiga aikin Mughal-e-Azam shekarunta kimanin 20 ne, sa'ad da aka gama kuwa ta kai 27. Watau ƙuruciyarta ta ƙare ne a cikin tufafin Anarkali.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe a nan. A tsawon shekarun da ake ɗaukar fim ɗin Asif, abin da jama'a suka san Madhubala da shi shi ne barkwanci da dariya. Wanda ya ga Mr. & Mrs. '55 na Guru Dutt, ko Chalti Ka Naam Gaadi na 1958, zai tuna da mace mai rawar kai, mai murmushin gefen baki, wadda ke juya maza yadda ta so. Wannan shi ne makaminta mafi kaifi, shi ne kuma wanda Anarkali ba ta da ikon ɗauka. A cikin fim na fiye da sa'a 3, da wuya a ƙirga wuraren da ta saki dariya.

Al'adar Aron Murya

Fim mai magana na farko a Indiya, Alam Ara na 1931, yana da waƙoƙi 7, kuma 'yan wasan da kansu suka rera su a gaban kyamara, makaɗa na ɓoye a gefe. A 1935 kamfanin New Theatres na Kalkata ya fito da wata dabara a fim ɗin Dhoop Chhaon: a naɗi waƙar tukuna, sa'an nan a kunna ta a wurin ɗaukar hoto ɗan wasa yana bi da leɓe. Da farko galibi ɗan wasa muryarsa yake bi. Manyan taurarin shekarun 1940, irin su K. L. Saigal da Noor Jehan da Suraiya, mawaƙa ne na sosai. Amma Saigal ya rasu a 1947, Noor Jehan ta koma Fakistan a shekarar, sai aiki ya rabu biyu, fuska daban murya daban.

Abin sha'awa, Madhubala tana tsakiyar wannan sauyi. Waƙar da ta fi fice a Mahal Lata Mangeshkar ce ta rera, amma a jikin faifan sunan Kamini aka rubuta, watau sunan da Madhubala ta fito da shi a labarin. Masu sauraro suka yi ta tambayar gidan rediyo ko wace ce mai wannan murya, har aka bayyana sunanta. Fim guda ya ɗaukaka 'yan mata biyu, ɗaya da fuska ɗaya da murya, aka kuma sake haɗa su a Mughal-e-Azam.

Ana yawan ɗaukar bin waƙa da leɓe a matsayin aikin banza, kamar na aku. Wannan kuskure ne na wanda bai lura da abin da aikin ya ƙunsa ba. Mawaƙiya ta riga ta yanke inda za a ja numfashi, da inda murya za ta hau, da inda za ta karye. 'Yar wasa ba ta da ikon ƙara ko daƙiƙa guda. Abin da ya rage mata shi ne ta samo wa kowane hawa da sauka dalili a jikinta, har mai kallo ya gaskata cewa abin da ke cikin ƙirjin nan ne ya tilasta muryar fita. Sa'an nan akwai tazarar da ke tsakanin baiti da baiti, inda kiɗa kaɗai ke tafiya. Nan ba ta da murya ta aro ko ta kanta, kuma a nan ne ake gane gwana.

Abin da Ta Yi a Gaban Kyamara

Asif ya gabatar da ita ne a matsayin gunki. Masassaƙin fada bai gama aikin da aka sa shi ba, sai ya shafe kuyanga Nadira ya tsayar da ita a bayan labule a madadin mutum-mutumin. Da kibiya aka yaye labulen, ita kuwa ko gezau. Ganin haka Akbar ya raɗa mata suna Anarkali. Wannan shigowa ta nuna hanyar da 'yar wasan za ta bi har ƙarshe, watau ta tara ƙarfinta a cikin rashin motsi. Prithviraj Kapoor mutumin dandamali ne, muryarsa kamar aradu, kowace kalma sai ya cika ɗaki da ita. Dilip Kumar kuwa ya zaɓi yin ƙasa da murya da daskarar da fuska. A tsakanin waɗannan biyu, Madhubala ta ɗauki abin da babu mai shi, wato tsoro.

Wannan ne jigon wasanta, shi ne kuma abin da masu tuna waƙar ɗakin madubai kaɗai suke mantawa. Anarkalin Madhubala matsoraciya ce. Ta san matsayinta. Duk wanda ya san zaman gidan sarauta ya san tazarar da ke tsakanin kuyanga da ɗan sarki, ya kuma san cewa idan abu ya ɓaci ba ɗan sarkin ne zai kwana a kurkuku ba. Saboda haka a kashin farko na fim ɗin ba ta cika ɗaga ido ba. Idan Salim ya yi mata magana, sai ta fara duban ƙasa, ta dubi gefe kamar mai jin takun wani, kana ta dube shi na ɗan lokaci. Kafaɗunta a sunkuye, muryarta ta magana siririya mai rawa. A wurin da Akbar ya yi musu shigar ba-zata, ba ta yi jayayya ba, ba ta roƙa ba; ta sheƙa wurin Salim ta faɗi sumammiya. Mai kallo na yau yana iya ganin wannan ya yi yawa, amma in ba don suman nan ba, abin da zai biyo baya ba zai yi nauyi ba.

Kafin nan an ga gasar ƙawwali tsakaninta da Bahar a gaban Yarima, Shamshad Begum na ara wa Bahar murya. Mata biyu a zaune, kowace da 'yan amshinta, babu rawa babu tashi. Nigar Sultana tana wasa da gira da haɓa, irin na wadda ta saba da fada. Madhubala kuwa ta bar idonta ya yi aikin, ta kan fara baiti a kunyace ta ƙarasa shi da ɗan ƙarfin hali, kamar wadda maganar bakinta ke ba ta mamaki. Da aka gama Salim ya ba Bahar furen, ya miƙa wa Anarkali ƙayar. Ta karɓa da ladabi, ta nuna cewa ita ƙaya ba ta fargabar yaushi. Wannan ne karon farko da aka ga akwai ƙashi a cikin yarinyar.

Sai wurin da ya fi kowane shahara a cikin wuraren soyayya na siliman Indiya. Dare ne a lambu, daga nesa Tansen, mawaƙin fada, yana rerawa da muryar Ustaz Bade Ghulam Ali Khan. Salim yana shafa fuskar Anarkali da farin gashin tsuntsu. Babu kalma ko ɗaya. Mai ɗaukar hoto, R. D. Mathur, ya matso da kyamara har fuskar ta cika allo, sauran aikin duk nata ne: lumshewar ido, motsin leɓe, murmushin da ya fara ya fasa. A nan babu waƙar da take bi, babu magana, babu rawa, kuma a nan ne ya fi wuya a ce wani ne ya yi mata aikin.

Da aka kama ta aka jefa kurkuku, Akbar ya yi mata tayin 'yanci bisa sharaɗin ta nuna wa Salim cewa ba sonsa take ba. Ta amsa, aka fito da ita ta yi rawa a gaban fada. Wannan ne ɗakin madubai, Shish Mahal, wanda aka yi kusan shekara 2 ana ginawa da gilasan da aka kawo daga Beljiyam. Madhubala ba ƙwararriyar mai rawar katak ba ce kamar Vyjayanthimala ko Sitara Devi, wanda ya san rawar kuwa zai gane haka. Ƙarfin wurin yana cikin idonta ne. Yarinyar da ta shafe rabin fim tana duban ƙasa ta tsaya a tsakiyar fada ta dubi Sarkin Hindu ido cikin ido, ta bayyana sonta a fili cikin waƙa. Ta zare wuƙa daga ɗamarar Salim ta ajiye a gaban Akbar, watau ga makami, a yi abin da za a yi. Akbar ya ɗaga kai, sai ya ga surarta ta cika kowane ɗan madubi na rufin. Duk da haka 'yar wasan ba ta watsar da tsoron ba. A tsakanin baitoci ana ganin ƙirjinta na hawa da sauka, idon na ƙyalli da ƙwalla, murmushin kuma na wadda ta riga ta san hukuncinta ne. Lata ta ba waƙar ƙarfin hali tsantsa. Madhubala ce ta ƙara mata sanin abin da ƙarfin halin zai ci.

A kurkuku akwai waƙar da Anarkali ke neman agaji da kamun ƙafa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana ɗaure da sarƙoƙi. Sarƙoƙin na ƙarfe ne na gaske, domin Asif mutum ne da bai yarda da na jabu ba. An cire kwalliya, gashi a barbaje, leɓe a bushe. Ga 'yar wasan da duk darajarta a kasuwa ta dogara ga kyau, yarda da a nuna ta haka ba ƙaramin abu ba ne.

A ƙarshe ta sayi ran Salim da nata. Ta roƙi a mai da ita matarsa na dare guda, aka yarda bisa sharaɗin ta shaƙa masa abin da zai gusar da hankalinsa kafin asuba. Sa'ad da Akbar ya ɗora mata kambi, ta gaya masa a natse cewa ta yafe masa jininta. Ba ta ɗaga murya ba. Kuyangar da ta suma don ganinsa ita ce yanzu ke yi masa afuwa, kuma Madhubala ta faɗi maganar kamar mai ba da sadaka. A wasan Taj an gine ta a bango ta mutu. Asif ya sauya wannan, ya sa Akbar ya fitar da ita ta ƙarƙashin ƙasa saboda wani tsohon alkawari da ya yi wa mahaifiyarta, sauyin da ya fi amfanar sunan Akbar a kan labarin. Ita dai 'yar wasan ta yi tafiyar ƙarshen nan da ido a buɗe ba ya ganin komai, ta koma gunkin da aka fara nunawa.

Ciwo da Shari'a

An haifi Madhubala da huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciya na ƙasa, ciwon da a zamanin nan ake yi wa aiki a warke. Ya bayyana a 1954 a Madras, inda ta yi aman jini tana cikin aikin fim ɗin Bahut Din Huwe. Da wannan zuciya ta ja sarƙoƙin Asif. Bugu da ƙari, soyayyar da ke tsakaninta da Dilip Kumar, wadda kowa ya sani, ta watse a tsakiyar aikin. Mahaifinta ya hana ta zuwa ɗaukar fim ɗin Naya Daur a wajen Bombai, B. R. Chopra ya maye gurbinta da Vyjayanthimala, magana ta kai kotu a 1956, Dilip Kumar kuma ya ba da shaida a ɓangaren Chopra. A tarihin rayuwarsa da aka buga a 2014, ya faɗi cewa lokacin da aka ɗauki wurin nan na gashin tsuntsu ko gaisawa ba sa yi.

Marubuta da yawa sun ɗauki waɗannan abubuwa a matsayin bayanin wasanta, wai ciwon gaske da baƙin cikin gaske ne aka gani a allo. Shaidar Dilip Kumar ta nuna akasin haka. Idan wurin da ya fi kowane taushi an yi shi ne tsakanin mutum biyu da ba sa magana da juna, to abin da aka gani sana'a ce. Haka kuma an ɗauki fim ɗin a gutsuttsure cikin shekaru da yawa, ba bisa jerin labarin ba, ita kuma tana fita tana yin finafinan barkwanci tana dawowa. Riƙe zaren hali guda, daga tsoro zuwa tsayuwa, a cikin irin wannan yanayi aiki ne na tunani da lissafi.

Masu kallo a ƙasar Hausa suna da matsayi na musamman wajen gane irin wannan aiki. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa, jama'a kuma suka yi shekaru suna kallo ba tare da jin Hindi ko Urdu ba, kamar yadda Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu suka yi bayani a nazarce-nazarcensu. Wanda ba ya jin harshe, fuska da jiki yake karantawa, watau daidai rabon 'yar wasa. Finafinan Hausa na bidiyo da suka bunƙasa daga shekarun 1990 sun gaji al'adar aron murya ɗungurungum, don haka tambayar da aka yi a kan Madhubala tana nan a kan 'yan wasan Kano, manazarta kuwa sun fi mai da hankali ga baitocin waƙa da batun tarbiyya a kan abin da 'yar wasa ke yi da fuskarta.

A bikin kyaututtukan Filmfare na 1961, Mughal-e-Azam ya ci kyautar fim mafi kyau, da ta ɗaukar hoto, da ta tsara magana. An sa sunan Madhubala a takarar 'yar wasa mafi ƙwarewa, amma aka ba Bina Rai, Anarkalin 1953, saboda wani fim mai suna Ghunghat. A 1960 Madhubala ta auri mawaƙi Kishore Kumar, aka kai ta Landan likitoci suka ce aiki ba zai yiwu ba. Ta shafe mafi yawan sauran shekarunta a kwance, ta rasu ranar 23 ga Fabrairu 1969, kwana 9 bayan ta cika shekara 36.

A watan Nuwamba 2004 aka sake fito da fim ɗin a gidajen silima bayan an yi masa kala da kwamfuta, wannan ne kuma mafi yawan matasa suka sani. Fadar ta ƙaru da haka, tufafi da kayan ado sun fito. Amma Mathur ya auna haskensa ne don baƙi-da-fari, kuma a wurin lambu da na kurkuku launin da aka shafa ya rufe wasu daga cikin inuwoyin da ke gefen ido da leɓe. An kuma rage tsawon fim ɗin, har da cire wasu waƙoƙi. Mai son nazarin wasan Madhubala zai fi samun biyan bukata a kwafin 1960.